Yaron da Rasho Ya Ɗora a Cinya

Ranar da Rasho ya tarar da jarkar kananzir a ɗakin 'yarsa Hazal, sai ya ɗauke jarkar ya mayar bayan gida, ya ɗaure murfin da waya. Washegari ya sake ganinta a ɗakin, an tura ta bayan katifu. Ana tsakiyar zafi ne, lokacin da ko kare ba ya taka ƙasar Shingal da rana. Ba mai neman ɗumi.

Ya san abin da mace take yi da kananzir idan ba sanyi. A sansanin da suka zauna kafin su dawo ƙauye, 'yar maƙwabcinsa ta yi. Ita ma daga hannun mayaƙan nan masu baƙar tuta aka karɓo ta. Rasho ne ya kashe wutar da bargo, kuma bai yi amfani ba.

Shekarar da masu baƙar tuta suka shigo, sun tafi da Hazal da uwarta. Uwar ba ta dawo ba. 'Ya'yansa maza biyu, Halaf da Shamo, suna cikin ramin da ke bayan makaranta tare da sauran mazan ƙauyen. Barakat, ƙaraminsu, ya tsira saboda yana kan dutse da tumaki. Hazal ta daɗe a hannunsu, daga wannan gida a sayar da ita zuwa wancan. Da aka karɓo ta, aka kai ta Lalish, wurin ibadarsu mai tsarki, ba takalmi, aka wanke ta a farin marmaro, manya suka ce tsarkakakkiya ce, duk wanda ya goranta mata ya yi laifi. Mata suka yi guɗa. Rasho ya sumbaci goshinta a gaban kowa.

Amma ba ita kaɗai ta fito ba. Ta fito da yaro a kafaɗa, sunansa Jabir, wanda ta haifa wa ɗaya daga cikin masu baƙar tuta. Su Rasho Yazidawa ne, kuma a addininsu Bayazide haifarsa ake yi, uwa tamu uba namu, kuma a kan wannan manya ba su sassauta ba. Barakat ne ya je tarbarta a kan iyaka. Ya ce mata ta bar yaron a gidan marayu na 'yan kwanaki, kafin a daidaita al'amura. Ƙarya ce, kuma Rasho ne ya ce a faɗa mata haka. Damina biyu ta wuce tun daga ranar.

Akwai wata Dilbar, ma'aikaciyar ƙungiyar da ke kula da matan da suka dawo. Takan zo da farar mota ta tara su a makaranta. Ran nan ta biyo ta ƙofar Rasho, ta same shi yana gyaran ƙotar fartanya.

"Kawu Rasho, barka da aiki."

"Ke ce mai koya wa mata numfashi? Hazal ta ce kin ce ta ja iska ta riƙe ta saki. Da can ba ta iya ba, sai da kika zo da mota?"

"Kawu, ni ma 'yar dutsen nan ce, kada ka yi min kamar baƙuwa. Ka san kakana, har ka taɓa cin bashin taba a wurinsa."

"Taba mara kyau."

Ta yi 'yar dariya, ta tsuguna kusa da shi, ta rage murya.

"Na ba ta keken ɗinki. Na kai ta wurin likita. Na zauna na saurare ta har na rasa hawaye. Abin da ke cinta ba ya cikin jakata, Kawu. Yana da ƙafa biyu, yana gudu. Na je na gan shi."

"Ba zai shigo gidan nan ba."

"Ban ce ya shigo ba. Cewa na yi kada ta mutu. Ka duba ɗakinta kuwa?"

Ya ci gaba da fiƙe icen. Ta miƙe ta tafi.

Da safe ya sami Hazal a bakin tanderu tana manna gurasa. Ta rame har zoben uwarta yana yawo a yatsa. Ya tsaya a bayanta.

"Na zubar da kananzir ɗin."

"Za a sayo wani, Baba. Ai sanyi zai zo."

"Me kike so?"

Ba ta juyo ba. Ta ciro gurasa ɗaya, ta kaɗe toka, ta ajiye.

"Jabir tsoron kaji yake yi," in ji ta. "In ya ga kaza sai ya sandare, ko kuka ba ya iya yi. Ban faɗa musu ba a can. Barakat ya ce kwana kaɗan ne, sai na ce ba sai na faɗa ba. Akwai kaji a tsakar gidan, Baba. Na gan su da idona."

Abin da ta ce ke nan. Rasho ya so ta yi masa ihu, ta zage shi, ya san yadda zai yi da wannan. Ya fita.

Da ya taɓa maganar a gaban Barakat wurin cin abinci, yaron ya ture faranti.

"Baba, ka ce me?"

"Na ce 'yar'uwarka tana mutuwa."

"Halaf ma ya mutu. Shamo ya mutu. Inna ko kabari ba ta da shi. Jinin wanda ya yi wannan kake so in ga yana wasa a tsakar gidan nan? In ba shi gurasa? In ya girma ya tambaye ni ina ubansa, in ce masa me?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Na rantse da Ɗawisu Mala'ika, shugaban mala'iku, ranar da ya tako gidan nan, ni na fita."

"Na ce ba zai shigo ba. Ci abincinka."

Barakat bai ci ba. Rasho ma bai ƙara loma ba.

A kan hanyar garin Rabi'a akwai wani tsoho Balarabe, Musulmi, mai suna Daham. Shi ne kirif ɗin gidan Rasho. A cinyarsa aka yi wa Barakat kaciya, jinin yaron ya zuba a rigarsa, daga ranar gidajen biyu suka zama dangi: ba aure a tsakaninsu har jikokin jikoki, ba ƙofar da ke rufe, kuma wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan. Ranar da masu baƙar tuta suka shigo, Rasho ya yi ta kiran wayar Daham. Ba a ɗauka ba. Bayan an dawo, Rasho ya tsaya a gaban mutanen ƙauye ya rantse cewa wannan zumunci ya yanke. Daham ya aiko da rago, ya mayar masa. Ya sake aikowa, ya sake mayarwa.

Yanzu sai ga Rasho ya sa farar rigarsa, ya naɗa jan rawani, ya hau motar kaya mai zuwa Rabi'a.

Ya sami Daham a ɗakin baƙi, ya tsufa fiye da yadda ya zata, ido ɗaya ya yi fari. Daham ya miƙe da ƙyar, ya daɗe yana kallonsa.

"Rasho? Ko dai idona ne? A'a, kai ne. Ba mai gashin baki kamar jelar jaki sai kai."

"Kai kuma har yanzu ba ka mutu ba."

"Ina jiranka ne ka riga ni, in ci naman sadakarka. Zauna, kirif."

"Kada ka kira ni haka."

Daham ya zuba gahawa mai ɗaci a ƙaramin kofi ya miƙa masa. Rasho ya karɓa, bai kai baki ba. Ya ajiye kofin a ƙasa a gabansa. Daham ya dubi kofin. Duk wanda ya tashi a wannan ƙasa ya san ma'anar baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba: ya zo da buƙata, kuma ba zai sha ba sai an biya masa.

"Ran nan," in ji Daham, "suna zaune a ɗakin nan da bindigoginsu. Ɗan ƙanena yana cikinsu. Wayar tana aljihuna tana ta..."

"Ban zo jin wannan ba."

"To me ka zo ji?"

Rasho ya faɗa masa, a taƙaice, yana kallon bango. Yaro ne a gidan marayu. A takardar hukuma Musulmi ne. Yana buƙatar gida, kuma gidan ya zama wanda mota za ta iya kai mace ta dawo da ita a yini ɗaya.

"Ɗan waye?"

"Ka sani."

"Na sani. Ina so in ji ko bakinka zai iya faɗa."

Rasho ya ci gaba da kallon bango. Daham ya shafa gemunsa.

"Sha gahawarka. Tsohuwata ta daɗe tana kukan gida ya yi shiru, jikoki duk sun tafi Mosul. Zan ce maraya ne na dangi. Sha, ta huce."

Rasho bai taɓa kofin ba tukuna.

"Saura ɗaya. Da wane suna za ta shigo gidanka? Na rantse a gaban mutane. In aka ga 'yata tana zuwa gidan Larabawa haka kawai, ka san abin da za a ce. Za a ce zuciyarta tana can. Wankan Lalish ɗin ma sai su ce bai kama ba."

"Ka warware rantsuwar mana."

"Ni ba na haɗiye magana."

"Wannan taurin kai shi zai kashe ka, wallahi." Daham ya yi tsaki, ya jingina da bango. Can ya ce, "Tsohon zumunci ka yanke. Sabo kuwa sai da sabon jini. An yi wa yaron kaciya?"

"Dilbar ta ce ba a yi ba."

"To in ya zo gidana, dole in yi masa. Kuma dole wani ya riƙe shi."

Suka dubi juna. A waje jaki yana kuka. Rasho ya ɗauki kofin ya shanye, ya girgiza shi alamar ya isa.

"Ni zan riƙe shi."

"Ka ji abin da kake faɗa? In jininsa ya taɓa rigarka, 'ya'yanka 'yan'uwansa ne. Hazal yayarsa ce a gaban kowa har ta mutu. Ba ranar da za ta ce ɗana. Kai ma ba ranar da za ka ce jikana."

"Da ma ba zan ce ba."

"Ita fa?"

"Za ta gan shi."

Dilbar ce ta yi zirga-zirgar hukuma, ta kai Daham inda za a kai shi, ta tsaya inda za a tsaya. Kafin rumman ya nuna, yaron yana gidan Daham. Sai a lokacin Rasho ya faɗa wa Hazal. Tana zaune a gindin ɓaure tana tsince alkama. Ya yi bayani kamar mai ba da umarnin gona. Ta saurara har ya gama, hannunta a cikin tire.

"Yaya," in ji ta.

"Yaya."

"Zan iya yi masa wanka?"

"Yaya tana yi wa ƙaninta wanka."

"In kwana?"

"A'a."

"In ya tambaye ni ina uwarsa?"

"Ki ce ba ki sani ba."

Ta dube shi, irin kallon da uwarta take yi masa idan ya faɗi abin da ba shi da kyau kuma ba shi da magani. Sannan ta ce, "Baba, wace rana ce?"

Bai ɓoye wa kowa ba. Ya gaya wa ƙauye cewa Daham ya ɗauki maraya, ya roƙe shi ya zama kirif, shi kuma ya amsa. Kowa ya gane. Ba wanda ya faɗa. Al'ada ce ta kakanni, ba a hana mutum riƙe yaro a cinya. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa da kyau. Dattawa biyu suka yarda su raka shi, ɗaya saboda abota, ɗaya saboda nama. Barakat ya kwana biyu a kan dutse wurin tumaki.

Da suka isa gidan Daham, an yanka rago, tukunyar shinkafa tana kan wuta. Hazal ta sauka daga mota tana riƙe da ƙullin alewa. A tsakar gida wani yaro mai aski, cikin doguwar riga sabuwa, yana bin kaji da kara yana dariya, kajin suna watsewa. Ta tsaya cak.

"Ya daina," in ji ta a hankali. "Baba, ya daina tsoro. Ban san yaushe ba."

Yaron ya dube ta, ya dubi alewar, ya ruga ya ɓuya a bayan matar Daham.

Aka shimfiɗa darduma. Rasho ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya baza farar rigarsa a kan cinya. Daham ya kawo yaron ya ɗora masa. Nauyinsa bai kai na ɗan tunkiya ba. Rasho ya yi niyyar kada ya dubi fuskarsa, don ya san fuskar da zai nema a ciki. Amma yaron ya ɗaga kai ya kama gashin bakinsa ya ja, ya faɗi wata magana da Larabci, mutane suka yi dariya.

"Ya ce na gaske ne ko manna shi ka yi," in ji Daham.

"Na ji abin da ya ce. Ba kai kaɗai ka iya yarenku ba."

Ya duba. Bai san fuskar uban ba, don haka bai ga uban ba. Kunnuwan Halaf ya gani, manya, a buɗe kamar hannun tulu. Ya kau da kai. Ya rungume yaron ta baya, ya riƙe gwiwoyinsa kamar yadda ake yi, ya ce wa wanzami, "Yi sauri."

Wanzami ya yi bismillah. Yaron ya ƙwalla ƙara. Jini ya ɗiga a farar rigar, ya bazu. Mata suka yi guɗa, wani ya harba bindiga sama.

"Inna! Inna!"

Yana miƙa hannu, amma ba wajen Hazal ba. Wajen matar Daham yake miƙawa. Tsohuwar ta yunƙura, Daham ya riƙe mata hannun riga. Hazal tana tsaye cikin mata, ta cusa gefen mayafinta a baki. Ba ta motsa ba, don an gaya mata kada ta motsa sai an kira ta.

Rasho ya ɗaga murya yadda dattawan nan biyu za su ji, su kai labari gida.

"Hazal! Zo ki ɗauki ƙaninki."

Ta zo. Ta durƙusa ta ɗauke shi daga cinyar ubanta. Yaron ya yi ta ture ta, yana dukan ƙirjinta, yana kiran wata. Ba ta sake shi ba. Ta kai shi inuwa, ta zauna ta juya wa mutane baya, tana jijjiga shi tana faɗa masa magana a kunne da harshen da ya manta. Ya yi kuka har ya gaji, ya yi barci da hannunsa a wuyan rigarta. Ba wanda zai iya cewa ya gane ta. Aka kai mata abinci can, ta ci da hannu ɗaya.

Daham ya zo ya zauna kusa da Rasho.

"Yanzu in kira ka kirif?"

"Yaron ne kirif ɗina. Kai mai ba shi abinci ne kawai."

"Allah ya shirye ka, tsohon banza."

"Ka riƙe shi da kyau. In ya yi rashin ji ka dake shi, amma ba a ka ba."

Da rana ta yi sanyi aka ce a tafi. Sai da matar Daham ta ɓamɓare yatsun yaron daga rigar Hazal ɗaya bayan ɗaya don kada ya farka. Suka hau mota suka kama hanyar gida.

Barakat yana tsaye a ƙofar gida da jaka a ƙafarsa, wata mota tana jiransa a bakin hanya. Ya dubi rigar ubansa, ya daɗe yana kallon jinin da ya bushe.

"Ka yi min ƙane ban roƙa ba."

"Bai tako gidan nan ba. Rantsuwarka tana nan."

"Ga shi nan a jikinka ka shigo da shi." Ya ɗauki jakar. "Zan je Duhok. Daga can in an samu hanyar waje, zan bi. Tumaki suna wurin ɗan Kasim."

Hazal ta kama hannun rigarsa. "Barakat, ɗan'uwana, ka tsaya ka ci abinci ko..."

Ya cire hannunta a hankali, ba da faɗa ba. Ya sumbaci kanta. Hannun ubansa kuwa bai sumbata ba. Ya wuce.

"Baba, kira shi. In kai ka kira zai dawo."

"Shiga ciki."

"Baba, shi kaɗai ya rage maka."

"Na ce ki shiga ciki."

Ta yi kamar za ta shiga, ta tsaya a bakin ƙofa. Motar ta tashi. Rasho ya tsaya a miƙe, hannuwansa a baya, yana kallonta har ta sha kwana a gindin dutse. Sannan ya zauna a kan dakali.

Can Hazal ta ce daga bayansa, da muryar mai jin kunyar tambaya, "Yaushe za mu koma? Wanzami ya ce a duba ciwon."

"Jibi akwai mota," in ji shi. "Ki toya gurasa da yawa. Ba a zuwa gidan kirif hannu sake."